Yadda ake sa fayil ɗin kwamfuta ya gargaɗi likita lokacin ɓarkewar cuta

Idan cuta ta ɓarke, ba sanarwa ake rasawa ba. Hukumar NCDC, mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya, takan fitar da tata, ma'aikatar lafiya ta jiha ta aiko da takarda, a manna ta a allo, a tura hotonta zauren WhatsApp na likitoci. Matsalar tana wani wuri dabam. Likitan da ya karanta sanarwar ranar Litinin da safe, ran Alhamis da la'asar yana duba mai zazzaɓi da ciwon kai da kasala, irin waɗanda yake ta gani tun safe, layi kuma har bakin ƙofa. A wannan lokacin babu abin da zai tuna masa da waccan takarda. Asibitin da ya riga ya koma ajiye bayanan marasa lafiya a kwamfuta yana da mafita: ya sa manhajar kanta ta ɗaga gargaɗi a kan fayil ɗin mutumin da abin ya shafa, daidai lokacin da likita yake kallonsa.

Ba sabon abu ba ne. Tun kafin 2010, wasu cibiyoyin lafiya na unguwanni a birnin New York na Amurka sun riƙa ɗaukar sanarwar sashen lafiya na birnin suna mayar da ita gargaɗi a cikin manhajarsu, har da jerin gwaje-gwajen da likita zai aika, kamar yadda suka yi lokacin ɓarkewar ƙyanda. Akwai kuma darasi mai ɗaci daga birnin Dallas, shi ma a Amurka. A watan Satumban 2014 wani mutum da ya zo daga Laberiya ya je asibiti da zazzaɓi, nas ta rubuta a kwamfuta cewa daga Afirka ya zo, amma aka sallame shi gida da magani. Bayan kwana biyu aka dawo da shi a motar asibiti, gwaji ya nuna Ebola, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, nas biyu kuma suka kamu. Bayanin yana cikin fayil tun zuwan farko. Kasancewarsa a fayil bai sa ya yi aiki ba.

Zan yi amfani da zazzaɓin Lassa a matsayin misali daga farko har ƙarshe, saboda yana da wahalar ganewa ƙwarai a ɗakin duba marasa lafiya, kuma yana kashe ma'aikatan lafiya. A watan Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu ta dalilinsa, bayan sun kula da wata mai juna biyu da aka yi wa tiyata.

Mataki na farko: a san wa ke da ikon kunna gargaɗi

Kafin a taɓa kwamfuta, a zaunar da mutum huɗu: babban likita guda da sauran likitoci ke jin maganarsa, shugabar nas-nas ko mai kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin, jami'in adana bayanai, da mai kula da manhaja. Kada a kumbura kwamitin, domin aikinsa na gaggawa ne. A rubuta a takarda cewa babu gargaɗin da zai hau manhaja sai da sa hannun likitan, kuma a sa masa mataimaki saboda tafiya ko hutu.

A kuma tsayar da inda ake karɓar labari. Wurare uku sun isa: NCDC, sashen kula da annoba na ma'aikatar lafiya ta jiha, da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Saƙon da aka turo a waya ba tare da an san tushensa ba, ko da babban mutum ne ya turo, sai an tabbatar da shi daga ɗaya cikin ukun nan. A ba mutum ɗaya aikin duba waɗannan kafofi kowace safiya. NCDC takan fitar da rahoton Lassa mako-mako, da jihohin da aka samu cutar, don haka a sa ranar karanta shi cikin jadawalin aiki.

Mataki na biyu: ba kowace sanarwa ce ta cancanci gargaɗi ba

A nan ne akasari ake ɓata aikin. Da zarar an ga manhaja tana iya ɗaga gargaɗi, kowane sashe sai ya so nasa ya fito. Karen da ke haushin duk mai wucewa, ranar da ɓarawo ya zo ba mai leƙowa. Binciken da aka yi a asibitocin ƙasashen waje kan gargaɗin magunguna ya nuna likitoci suna tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na abin da kwamfuta ke nuna musu. Ba sakaci ne kaɗai ba; yawancin gargaɗin ba su da alaƙa da mutumin da ke gabansu, sai hannu ya saba rufewa kafin ido ya karanta.

Saboda haka a yi wa kowace sanarwa tambaya uku. Shin mai wannan cuta zai iya shigowa asibitinmu cikin makonnin nan? Shin akwai abin da likita zai yi dabam idan ya tuna da ita, kamar killace mutum, aika wani gwaji ko fara wani magani? Shin bayanan da muke shigarwa za su iya nuna wanda ake zargi? In ɗaya ta ba da a'a, sanarwar ta tsaya a taron safe da allon sanarwa. Lassa a lokacin rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, ta tsallake duka ukun. Haka mashaƙo a Kano tun ƙarshen 2022, da sanƙarau idan zafi ya kankama, da kwalara da damina. A ganina gargaɗi mai tsayar da likita kada ya wuce biyu ko uku a lokaci guda, kuma na fi son a fara da ɗaya tak.

Mataki na uku: a duba abin da ake shigarwa da gaske

Kwamfuta ba ta gani sai abin da aka zuba a gurbinsa. Idan nas ta auna zafin jiki ta rubuta 38.6 a gurbin zafin jiki, manhaja za ta iya aiki da shi. Idan kuwa likita ya rubuta a cikin dogon bayaninsa cewa jikin mara lafiya da zafi, ko ya gajarta kalmar yadda ya saba, yawancin manhajojin da ke asibitocinmu ba za su tsinto shi ba.

A ɗauko fayil hamsin na masu zazzaɓi daga makon da ya wuce, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne aka shigar da zafin jikinsu da lamba? Nawa ne aka rubuta kwana nawa suka yi da ciwon? Nawa ne adireshinsu ya nuna ƙaramar hukuma, ba "bayan masallacin Juma'a" kawai ba? Nawa ne aka buɗe musu sabon kati alhali suna da tsoho? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai ga Lassa, domin babbar alamarta a asibiti ita ce mutum ya dawo bayan ya sha maganin maleriya ko na taifot bai ji sauƙi ba. In an ba shi sabuwar lamba, manhaja za ta ɗauke shi baƙo, zuwansa na farko ya ɓace.

Abin da wannan dubawa ta nuna shi za a gyara tukuna. Galibi gyara uku ake buƙata a wurin awon farko: a mayar da zafin jiki gurbin dole, a sa jiha da ƙaramar hukuma su zama na zaɓa daga jeri ba na rubutawa ba, a ƙara tambaya ɗaya mai amsar e ko a'a, wato ko mutum ya yi tafiya cikin kwana 21 da suka wuce, in e, zuwa ina. Kwana 21 shi ne iyakar lokacin da Lassa kan ɗauka kafin ta bayyana. Kada a ƙara tambayoyi goma. Nas ɗin da layi ya yi wa yawa za ta riƙa danna a'a ne kawai don ta wuce.

Mataki na huɗu: a rubuta ƙa'idar da za ta tayar da gargaɗin

A ɗauko ma'anar wanda ake zargi da cutar daga takardar NCDC ta yanzu, ba daga abin da aka haddace a makaranta ba, domin akan sabunta ta. Sai a fassara ta zuwa gurabun da ke manhajarku. A rubuta ƙa'idar a takarda da kalmomi na yau da kullum kafin mai manhaja ya taɓa ta, yadda likita da nas za su karanta su ce e, haka muke nufi.

Ga yadda za ta iya kasancewa ga Lassa. Sharaɗin tushe shi ne zafin jiki na digiri 38 ko sama. Shi kaɗai ba ya tayar da komai, in ba haka ba rabin masu zuwa asibiti za su faɗa ciki. Sai ya haɗu da ɗaya cikin waɗannan: mutum ya dawo da zazzaɓi bayan kwana biyu zuwa uku yana shan maganin maleriya ko na kashe ƙwayoyin cuta, ko yana zaune, ko ya je cikin kwana 21, a ƙaramar hukumar da ke jerin wuraren da cutar ta ɓulla, ko yana zubar da jini ba tare da sanadi ba, ko ya yi mu'amala da wanda aka tabbatar yana da cutar, ko shi kansa ma'aikacin lafiya ne.

Jerin ƙananan hukumomin nan a ajiye shi a wuri guda da jami'in bayanai zai iya gyarawa da kansa, ba sai an kira kamfanin manhaja ba. Jihohin da suka fi fama da Lassa a 'yan shekarun nan su ne Ondo, Edo, Bauchi, Taraba da Ebonyi, amma sa jiha sukutum a jerin zai sa gargaɗin ya yi ta tashi, musamman ga asibitin da ke cikin jihar ko maƙwabciyarta. A sauko zuwa ƙaramar hukuma duk inda bayani ya samu.

Akwai kuskure guda da nake roƙon a kiyaye. Kada a ce wa manhaja ta yi shiru idan gwajin maleriya ya nuna akwai. A ƙasar da maleriya ta zama ruwan dare, mutum zai iya ɗauke da ita da Lassa a lokaci guda, kuma wannan sakamakon ne yakan kwantar wa likita da hankali ya daina neman wani abu. Kada kuma a jira zubar jini, domin ba kowa ke yinsa ba, masu yin ma sai cuta ta yi nisa.

Sannan a raba gargaɗin gida biyu. Mai zazzaɓi da ya fito daga wurin da cutar take, ba tare da wata alama ba, ya samu layi mai launi a saman fayil ɗinsa, wanda ba ya hana aiki. Wanda ya dawo bayan magani bai yi ba, ko mai zubar jini, ko wanda ya taɓa mai cutar, shi ne zai samu akwatin da ke tsayar da likita sai ya amsa. Ba kowace cuta ce ke buƙatar dogon lissafi haka ba. Ga mashaƙo, ciwon maƙogwaro a yaro ya isa manhaja ta ce a leƙa maƙogwaron a nemi farin yaɓe mai manne, a duba kumburin wuya, a tambayi katin rigakafi.

Ta fuskar fasaha, yawancin manhajoji suna da hanyar yin wannan. OpenMRS, wadda asibitoci da dama a Afirka ke amfani da ita, tana da sashen sanya wa fayil alama bisa ƙa'idar da aka rubuta. Wasu na zamani suna bin tsarin CDS Hooks na ƙungiyar HL7 mai tsara ƙa'idojin musayar bayanan lafiya, inda buɗe fayil ko rubuta magani ke sa manhaja ta tambayi wata na'ura ko akwai gargaɗi. In manhajarku ta haya ce, a tambayi kamfanin tun yanzu kwana nawa yake ɗauka ya sa sabuwar ƙa'ida, kuma nawa zai caza. In amsar mako uku ce, a zauna a sake yarjejeniya kafin rani.

Mataki na biyar: a rubuta saƙon

Likita zai ba shi daƙiƙa kaɗan. Layin farko ya faɗi dalilin da ya sa gargaɗin ya tashi a kan wannan mutumin, ba tarihin cutar ba. Da Turanci za a rubuta shi a asibitocin Najeriya, amma ga abin da ya kamata ya ƙunsa:

"A yi tunanin Lassa. Zafin jiki 38.9, ya dawo bayan kwana 3 da karɓar maganin maleriya. A sa safar hannu da takunkumi, a ware shi daga layi, a kira mai kula da hana yaɗuwar cuta a wannan lamba. Kada a aika jini ɗakin gwaji ba tare da alama ba. Tushe: NCDC, da kwanan watan sanarwa."

A ƙarƙashinsa a sa maɓalli uku: ina zargi, ba na zargi saboda kaza, an riga an ɗauki mataki. Maɓallin farko shi ne zuciyar aikin, don haka ya yi wani abu na gaske: ya buɗe takardar neman gwaji a cike da sunan mara lafiya, ya sa wa fayil alama, ya aika saƙo ga jami'in sa ido na asibitin. In likita ya ga danna maɓallin ya rage masa rubutu, zai danna. In ya ƙara masa, ba zai danna ba. Lambar wayar da aka sa kuma a kira ta da dare a gani ko ana ɗauka. Lambar kyauta ta NCDC ita ce 6232, ana iya ƙara ta, amma ta cikin gida ita ce gaba.

Kada saƙon ya ce mutum yana da cutar. Manhaja ba ta gano cuta, tunatarwa take yi. Hukunci na likita ne, tabbatarwa kuma ta ɗakin gwaji ce, irin na Irrua, Owo, Abakaliki, Bauchi ko babban ɗakin gwajin NCDC da ke Gaduwa a Abuja.

Mataki na shida: wa zai gani, kuma yaushe

Mutum na farko da ya kamata ya gani ita ce nas mai awon farko, da zarar ta shigar da zafin jiki, domin ita ce za ta iya fitar da mutum daga cikin jama'a kafin ya yi awa biyu a kan benci. Sai likita, lokacin da ya buɗe fayil, ba bayan ya gama rubuta magani ba. Idan ya danna cewa yana zargi, alamar ta bi fayil ɗin zuwa ɗakin gwaji, ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata, wuraren da ake taɓa jini. Masu juna biyu suna buƙatar kulawa ta daban: Lassa tana tsananta a ƙarshen ciki, kuma zubar jininta yana iya kama da matsalar haihuwa ta yau da kullum. Mai karɓar kuɗi da mai ba da kati ba su da buƙatar ganin sunan cuta.

Mataki na bakwai: a gwada kafin a saki

Gwaji biyu ake yi. Na farko, a bi da ƙa'idar kan bayanan watanni uku da suka wuce a ga sau nawa da ta tashi a rana. In asibitin ya taɓa samun waɗanda aka tabbatar suna da cutar, a duba ko ta kama su, kuma a zuwansu na nawa. Wanda ta rasa, a buɗe fayil ɗinsa a ga dalili. Sau da yawa za a tarar gurbi ne aka bari fayau. Na biyu, a kunna ta a ɓoye na kwana biyu ko uku, tana rubuta waɗanda da ta ɗaga wa gargaɗi ba tare da kowa ya gani a allo ba, likitan kwamiti ya bi jerin da yamma. In akwatin tsayarwa zai fito wa likita ɗaya sau goma a wuni, ƙa'idar ta yi faɗi, a matse ta. Idan annoba ta riga ta shigo gari, a taƙaita wannan zuwa yini ɗaya, amma kada a tsallake shi.

Mataki na takwas: a kunna, a tanadi ranar da babu wuta

A sanar a taron safe, a nuna hoton gargaɗin, a faɗi ranar da zai fara da ranar da za a sake duba shi. A tabbatar masu aikin dare da likitoci masu neman ƙwarewa sun ji, domin su ne suka fi haɗuwa da mara lafiya da farko. A kuma tabbatar abin da saƙon ya ce a yi yana yiwuwa: akwai safar hannu a ɗakin, akwai ɗakin da za a ware mutum, akwai kwalbar ɗaukar jini da abin naɗe ta. Gargaɗin da ya ce a killace alhali babu inda za a kai mutum, tsoro kawai zai jefa wa ma'aikata.

Wuta za ta ɗauke, netwok zai yanke, janareta zai ƙi tashi. A buga ƙa'idar a ƙaramar takarda a manna a teburin awon farko da na kowane likita. In an koma rubutu da biro, a sa wanda zai shigar da bayanan da zarar wuta ta dawo, kuma a sa manhaja ta bi ta kansu ta fitar da jerin waɗanda suka cika sharaɗi, a kira su a waya in sun riga sun tafi.

Mataki na tara: a kai rahoto, a kare sirri

Lassa tana cikin cututtukan da ake kai rahotonsu nan take, cikin awa 24, ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, ba a jiran sakamakon gwaji. Daga nan bayanin kan shiga SORMAS, manhajar da aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 wadda NCDC ke amfani da ita wajen bibiyar annoba. Ko manhajarku ba ta haɗe da ita, a sa ta riƙa fitar da jerin waɗanda aka yi zargi kowace rana, a gwama da waɗanda aka kai rahotonsu. Fayil ɗin kwamfuta yana da wani amfani a nan: yana nuna duk ma'aikacin da ya duba mara lafiyar, abin da zai sauƙaƙa haɗa sunayen waɗanda za a bibiya na kwana 21.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, tare da ba da damar bayyanawa inda yin shiru zai jefa lafiyar jama'a cikin haɗari, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Rahoto ga hukuma halal ne. Ɗaukar hoton allo a tura zauren WhatsApp da sunan mutum ba halal ba ne, kuma a faɗa wa ma'aikata haka ƙarara. Kowa ya shiga manhaja da sunansa da lambar sirrinsa. Inda mutum biyar ke amfani da suna ɗaya, ba za a san wanda ya ga gargaɗi ya rufe ba. In gwaji ya nuna babu cutar, a cire alamar daga fayil a ranar.

Mataki na goma: a riƙa dubawa, a kashe shi in lokacinsa ya wuce

Kowane mako kwamiti ya kalli lambobi huɗu: sau nawa gargaɗin ya tashi, sau nawa aka danna ina zargi, jini nawa aka aika, nawa aka tabbatar. Ya karanta dalilan da likitoci suka rubuta lokacin da suka ƙi, domin a nan gyaran ƙa'ida yake fitowa. In an tabbatar da cutar a jikin wanda gargaɗi bai tashi a kansa ba, a bi fayil ɗinsa daga kati har sallama a gano inda ya zille. Ba don a hukunta kowa ake wannan ba, kuma in ma'aikata suka ji ana amfani da lambobin wajen tuhuma, za su fara danna abin da zai kare su maimakon abin da suka gani.

Tun ranar kunnawa a sa wa gargaɗin ranar mutuwa, misali kwana talatin, yadda zai kashe kansa sai in likitan kwamiti ya sabunta shi da hannunsa. A sabunta jerin ƙananan hukumomi da kowane sabon rahoto, a cire waɗanda suka fita. Idan damina ta sauka, Lassa ta lafa, a sauke akwatin tsayarwa a bar sharaɗin wanda ya dawo magani bai yi masa ba a matsayin layi mai launi, tunda cutar ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Ƙa'idar da saƙon da lambobin kakar a adana su wuri guda, a sa ranar fito da su a watan Nuwamba, a gwama da sabuwar takardar NCDC kafin a sake kunnawa.